Yadda Ake Auna Tsamin Ruwan Da Ke Ƙunshe Cikin Ribas Maisel

Wata ƙanwata da ke firojet na kemistiri nan Sakkwato ta zo min jiya da takarda ta rubuta wai pH, wato ma'aunin tsami, na ruwan cikin maisel ɗinta 7.0 ne daidai, na ce ya kika auna, ta ce ai mitar auna pH ta tsoma. Raina bai so ba wallahi, don yarinyar ta yi wahala sati uku cur, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake yi ko wasu sun huta.

Da farko mi ne ne ribas maisel? Da safaktan ake yin shi, wani sinadari dangin sabulu, kansa na son ruwa wutsiyarsa na son mai. In ka narka shi cikin mai ka ɗiga ruwa kaɗan, sai kawunan su juya ciki su rungume ɗigon ruwan, wutsiyoyi na waje, wannan dunƙulen shi ne ribas maisel. Safaktan ɗin da anka fi aiki da shi sunansa AOT, man kuma aisoktan ko heftan.

Haɗawar ba wuya. Nauyin mol guda na AOT giram 444.6 ne, saboda haka ka auna giram 0.445 ka narka da aisoktan har ya kai mililita 10, ka samu mola 0.1 ke nan. Sai w0, wato ƙwayar ruwa nawa ke gaban kowace ƙwayar AOT. In 10 kake so zuba maikrolita 180 na ruwa, in 5 ne 90, in 20 ne 360, ka rufe ka girgiza har ya washe garau kamar ba a sa komi ba. In ya yi fari-fari kamar tsarkin nono to bai haɗu ba, kada ka auna shi. Kuma don Allah a kula da zafin garin ga, watan Afrilu da rana ta wuce digiri 40 aisoktan na tsere wa kwalba in ka bar ta buɗe, lissafinka ya rushe, ga shi yana kama wuta kamar fetur, sannan zafi na iya raba haɗin gida biyu musamman in w0 babba ne. Ni da sassafe nake yi, ina rubuta zafin ɗakin kowane awo. AOT ɗin ma yana shan laima daga iska, ka busar da shi ka aje a rufe, kuma haɗin kwana da kwanaki ba shi da tabbas don asid ko alkali na tsinka AOT a hankali.

To yanzu ga inda nake so a natsu. A w0 na 10 ɗigon ruwan daga tsakiyarsa zuwa gefe bai kai nanomita 2 ba, ƙwayoyin ruwa 'yan ɗaruruwa ne ciki. Ruwa mai pH 7 kuwa furoton, wato ƙwayar da ke kawo tsami, guda ne a cikin ƙwayoyin ruwa wajen miliyan 555. Ka ga ke nan sai ka leƙa maisel kusan miliyan kafin ka ci karo da mai furoton guda, kamar gari mai gida miliyan da jar akuya ɗaya tak sannan a ce maka akuya nawa ce gidan wane. Ma'aunin pH da Sørensen ya fito da shi a 1909 an gina shi kan ruwa mai yawa ne, ita ko mita bakinta na gilashi man da ke waje take taɓawa, ba ta da hanyar shiga ɗigon.

Abin da ake yi shi ne a aika ɗan saƙo ciki. Mafi sauƙi gare mu firanin ne, wani rini da pKa ɗinsa, wato pH ɗin da rabinsa ke sakin furoton, ke wajen 7.3 a ruwa na yau da kullum, in yana riƙe da furoton yana shan haske wajen nanomita 403, in ya sake shi sai ya koma wajen 454. Ka auna pH na ruwan bafa, wato ruwan da anka haɗa don pH ɗinsa ya tsaya wuri guda, da mita tun kafin ka zuba, nan ne kaɗai mita ke da aiki, ka sa rinin kaɗan ƙwarai yadda ba za a samu biyu a maisel guda ba, ka zuba haɗin a kubet, 'yar kwalbar awo, mai murfi ka sa a injin auna haske, ka gwada tsawon ƙololuwar biyu, ta 403 da ta 454, sannan ka maimaita da ruwan bafa zalla don kwatance.

Amma ka sani ɗan saƙon inda ya zauna kawai yake ba ka labari. Firanin cajinsa negatif ne, kawunan AOT ma haka, sai su tura shi tsakiya, furoton kuma ya fi son raɓawa jikin bango inda kawunan suke. Debbie Crans da Nancy Levinger na Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka sun gwada da wani ɗan saƙon, dekabanadet, da injin NMR mai aiki da maganaɗisu a 2006, sunka ga tsakiyar ɗigon na karkata zuwa tsaka-tsaki ko da ruwan da anka zuba mai tsami ne.

Don haka a rahotonka rubuta pH na ruwan da ka zuba, da w0, da sunan rini da yawansa, da zafin ɗaki, abin da ka samu kuma ka kira shi pH na gani-gani a wurin da rinin ya zauna. Ƙanwar tawa Litinin za mu sake haɗawa, w0 na 5 da 10 da 20, ƙarfe bakwai na safe in sha Allah.