Yadda zaka tsallake semestan farko a jami'ar da ba kowa ke samun shiga ba

Ka samu gurbi a jami'ar da dubbai suka nema aka ɗauki ƴan kaɗan, barka da arziƙi. Amma bari in gaya maka tun yanzu, duk wanda ka gani a ajin nan shima na ɗaya yake zuwa a sakandarensu, don haka in tes ɗin farko ya zo maka da makin da baka saba gani ba kar ka fara cewa dama sa'a ce ta kawo ni. Wannan tunanin masana sun san shi, Pauline Clance da Suzanne Imes sun yi rubutu a kai tun 1978, kuma mata masu ƙoƙari da suka yi nasara suka bincika, ba raggwaye ba.

Abun da zai cece ka shine bita a ranar da aka yi lakca. Tun 1885 wani masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, ya nuna mantuwa ta fi sauri a awannin farko bayan mutum ya koyi abu, to kafin ka kwanta ka ware ko minti 20, ka rufe littafin ka rubuta duk abun da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga inda ka faɗi. Ka sake bayan kwana 3, ka sake bayan sati. Wallahi karanta shafi ɗaya sau biyar kana jan layi ba karatu bane, ido ne kawai ya saba da rubutun, ranar jarabawa sai ka nemi abun ka rasa.

Ka san yadda ake lissafin GPA kuma, wato matsakaicin makinka na semesta, makin kowane kos ana ninka shi da kiredit ɗinsa, wato lambar nauyin da aka ba kos ɗin, kenan kos mai kiredit 4 ya ninka mai kiredit 1 nauyi sau huɗu, lokacinka ya bi wannan ma'aunin. Ƙa'idar da aka saba ita ce awa 2 na karatun kai kan kowace awa ta aji.

Sai lakcara. Yawancinsu suna da lokacin ganin ɗalibai a ofis kuma mutane na jin kunyar zuwa, abun na bani takaici. Matambayi baya ɓata, amma kar ka je kace ban gane komai ba, je da aikin da ka gwada ka nuna masa daidai layin da ka maƙale. Ka samu abokan karatu uku ko huɗu, kowa ya yi wa saura bayani da bakinsa. Daren jarabawa kuma ka yi barci, ko awa shida ne.