Yadda za ka sabunta katin inshorar lafiya ta waya, ba sai ka je ofis ba

A damunar bara zazzaɓi ya kwantar da Mma. Muka ɗauki tasi daga Aboabo da asuba, muka bi layi a wani asibiti, sai da muka kai tagar masu kati ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce katin ya mutu tun wata biyar. Ranar komai daga aljihu ya fito: gwajin jini, ƙarin ruwa, magani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wayar da zan iya gyara wannan matsala da ita tana aljihuna duk tsawon watannin nan.

Tun 2003 aka kafa tsarin inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, a Ghana, don a raba mutane da halin nan na sai ka biya kafin likita ya taɓa ka. Amma da yawa daga cikinmu a Zango muna ɗauka tunda kati yana cikin jaka, to yana aiki. Ba haka ba ne, duk shekara ake sabunta rajistar. Da can sai mutum ya bar sana'arsa ya je ofishin gunduma ya yini. Daga Disamba 2018 aka buɗe lambar *929#, kuma ko ƙaramar wayar nan da muke ce wa yam tana yin aikin, ba ruwanta da data.

Da farko ka ɗauko katin, ka nemo lambar ɗan ƙungiya da ke jikinsa, lambobi 8 ne. Ka tabbata akwai kuɗi a MoMo ɗinka, wato asusun kuɗi na waya, ko MTN ne, ko Telecel Cash, ko AT Money.

Sai ka danna *929#. Kafin ka biya ko sisi, zaɓi wurin duba ko katin yana da rai, ka saka lambar, za a nuna maka ranar da zai mutu. Wannan ranar ka rubuta ta a wani wuri. Ni a bangon kalandar Musulunci da ke falon Mma nake rubutawa, kusa da lokutan salla, inda ido ba zai kuskure ba.

In lokaci ya yi, sake danna lambar, ka shiga inda aka rubuta Renew Membership, ka saka lambobin nan 8. A nan ka nutsu. Lamba ɗaya in ta goce, wani bawan Allah ka biya wa a Tamale ko Ho. Ka karanta abin da ya fito a fuskar wayar da kyau, ka ga kuɗin da aka ce, sannan ka amince. Kuɗin ba ɗaya ba ne ga kowa: yara 'yan ƙasa da shekara 18, da tsofaffi masu shekara 70 zuwa sama, da ma'aikatan da ake cire musu kuɗin fansho na SSNIT, ɗan kuɗin aiki kawai suke biya.

Daga nan saƙon MoMo zai faɗo yana neman lambarka ta sirri. Wani lokaci ba ya zuwa, musamman in sabis yana wasa. Kada ka sake farawa daga tushe, ka biya sau biyu. In MTN kake, danna *170#, shiga My Wallet, sannan My Approvals, za ka tarar da shi yana jiranka. Saƙon tabbaci da zai zo daga baya kada ka goge shi, shi ne rasidinka.

Wani abu da ya kamata a yi sau ɗaya a huta shi ne haɗa inshorar da Ghana Card, wato katin ɗan ƙasa, shi ma ta *929# ɗin. Za a tambaye ka lambar da ta fara da GHA da kuma ta inshora. In sun haɗu, Ghana Card kaɗai ya isa ka nuna a asibiti. Inda ake samun cikas shi ne sunaye. Mu nan mutum ɗaya sai ka ga Mohammed a wannan kati, Mahama a wancan, ranar haihuwa ma kowane da tasa. In haka ta faru waya ba za ta warware ba, sai an taka zuwa ofis da katunan biyu. Mai ciki ma ofis za ta je da katin awonta, domin ita kyauta ake yi mata. Masu babbar waya kuma akwai manhajar MyNHIS da aka fito da ita a 2022.

Dalilin da ya sa nake nacin a duba rana tun da wuri: ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce, in kati ya wuce wata uku a mace, ko ka biya sai ka jira wata guda kafin ya fara aiki. Mai hawan jini ko ciwon suga da ke karɓar magani a asibitin Manhyia ko na Komfo Anokye, wata guda ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Sai maganar 'yan damfara. Duk wanda ya kira ka ya ce daga inshora yake, ka karanto masa lambar sirrin MoMo, kashe wayar. Ka ja wa tsofaffin gida kunne a kan wannan musamman, don su aka fi yi wa.

Da wayarka ɗaya za ka iya biya wa kowa, ko kana Accra su suna Kumasi. Yanzu lambobi bakwai ne a littafina: na Mma, na Baba Ƙarami, na Gwaggo da ke Asawase, da na yara huɗu. Ran Juma'ar farko ta kowane wata, in mun sauko daga masallaci, nakan zauna a ƙofar gida in bi su ɗaya bayan ɗaya. Wancan watan Gwaggo ta aiko jikanta da kati biyu na maƙwabtanta, ta ce in haɗa da su.