Yadda Ake Sa wa Dabbar Daji Barci Ba Tare da An Rasa Ta Ba

Likitan namun daji ba ya iya duba zaki ko ɓauna sai ya kwantar da su da allurar barci da ake harbawa da bindiga. Harbin ƙaramin aiki ne, haɗarin yana bayan dabba ta faɗi.

A fita da sassafe kafin rana ta yi zafi. A ƙiyasta nauyin dabbar, domin da shi ake auna magani. Zaki da damisa ana haɗa musu magungunan sa barci medetomidin da ketamin, giwa da karkanda kuwa etofin ake ba su. Ɗigon etofin na iya kashe mutum, saboda haka kada a taɓa shi sai da abokin aiki a kusa da makarinsa, naltirekson, a hannu. A auni tsoka mai kauri, cinya ko kafaɗa, kuma kada a yi harbi kusa da kogi, don dabbar da magani ya fara kamawa tana iya faɗawa ruwa ta nutse.

Kada a wahalar da ita da kora. Gudu da firgici suna lalata tsoka, fitsari ya koma ja-ja, ƙoda ta tsaya. Dabbar za ta tashi kamar lafiya lau, bayan kwana biyu ko uku a tsinci gawarta. Hana aukuwar wannan ciwo ya fi neman maganinsa sauƙi nesa ba kusa ba.

Da zarar ta kwanta, a rufe mata ido da ƙyalle, a toshe kunnuwa, kowa ya yi shiru. Masu tuƙa irin su gwanki da ɓauna a zaunar da su a kan ƙirji, kai a ɗage, baki yana kallon ƙasa domin miyau ya zuba waje. In aka bar su a gefe, ciki zai kumbura, abinci ya dawo ya shiga huhu. Giwa akasin haka ce: a gefe take kwanciya, domin a kan ƙirji numfashi gagararta yake yi, sannan a sa ɗan tsinke a bakin hancinta kada ya rufe.

Kowane minti 5 a ƙirga numfashi, a auna zafin jiki. In ya haura digiri 41 a ma'aunin Celsius, a kwara mata ruwa, a gaggauta kammalawa.

A cire allurar, a wanke gurbinta, a kwashe kaya, sannan a yi allurar makari a ja da baya. Kada a bar wurin sai ta miƙe tana tafiya daidai, domin dabbar da ke layi ba ta iya kare kanta daga kura.