Kurakuran da muke yi da littattafan zane, da hanyar gyara su

Na daɗe ina koyar da darasin zane a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye, tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Littattafan da muke da su a kan fasahar zane da tarihinta ba su cika kwali guda ba. Wasu na gwanjo ne da na tsinto a Kano, wasu kyauta aka ba mu, sauran kuma kwafi ne na inji da muka ɗinke da zare. To ɗan abin da ke hannun ma ba ma cin moriyarsa yadda ya kamata, kuma kusan duk kurakuran da zan ambata sai da na yi su da kaina kafin na fara ganinsu a wurin yara.

Na farko ya samo asali ne daga abin da muka fi ƙwarewa a kai, wato hadda. Yaro zai karanto maka ba gargada cewa Leonardo da Vinci ne ya zana Monalisa, kuma tana ajiye a birnin Faris. Tambaye shi yadda ta ɗora hannayenta, ko mene ne a bayanta, sai ka ji shiru. Ga hoton nan a shafin da ya haddace, ga hanya mai lanƙwasa da gada a bayan matar, amma bai taɓa tsayawa ya duba ba. Abin da nake sa su yi yanzu shi ne su rufe rubutun da fallen takarda, su zuba wa hoton ido na minti biyar, sannan su faɗi abin da suka gani da Hausa, da baki. Daga ina haske ya shigo? Ina idonka ya fara sauka? Wane wuri mai zanen ya bari fayau? Sai an gama wannan ake buɗe bayanin marubuci. Minti biyar ɗin nan tana da tsawo fiye da yadda kake zato, gwada ka gani.

Akwai kuma ɗan siririn layin nan da ake sawa a ƙarƙashin hoto, wanda kowa ke tsallakewa. A nan ake faɗin shekara, da abin da aka yi aikin da shi, da girmansa. Littafi yana mayar da komai tsawo ɗaya, shi ya sa yara suke ɗauka duk zanen duniya kamar girman kalanda yake. Monalisa santimita 77 ce a tsaye, 53 a kwance, a kan katako, ba ta kai tagar ajinmu ba. Zanen Guernica kuwa, wanda Picasso ya yi a 1937 bayan an yi wa garin mai wannan suna ruwan bama-bamai a yaƙin basasar Sifen, tsayinsa ya kusa mita uku da rabi, faɗinsa ya doshi mita takwas. Wata rana muka ɗauki igiya muka auna shi a filin makaranta, muka shata da toka, ajin gaba ɗaya ya shiga ciki ya tsaya. Daga ranar ba wanda ya sake kallon shafin nan da ido irin na da. In ka ga awo a littafi, tashi ka shata shi a ƙasa ko a bango.

Maganar kwafin inji gajeriya ce. Guernica kaɗai ne cikin abin da muke da shi bai cutu sosai ba, don dama da baƙi da fari da ruwan toka aka yi shi. Sauran duk sun koma kamar gindin tukunya. Kada ka yanke hukunci a kan launi daga kwafi. Ko littafi mai launi ma tawada huɗu kawai ake haɗawa a buga shi, kuma wanda ya taɓa riƙe rawani ɗan Kura a rana, ya ga yadda shunin ke walƙiya bayan ya sha bugu, ya san hoto ba ya kamo wannan. In ka shiga Dutse ko Kano inda intanet ke da ƙarfi, sauke hotunan da kake nazari a waya, ka riƙa buɗa su da yatsa kana ganin sawun buroshi. Bayani a takarda, kallo a waya.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ɗaukar cewa abin da ba ya cikin littafi ba fasaha ba ne. Yawancin littattafan da ke zuwa hannunmu Turawa ne suka rubuta wa 'yan'uwansu. Shahararren littafin nan na Gombrich, The Story of Art, wanda ya fara fitowa a 1950, yana da daɗin karatu ƙwarai, kuma ina ba kowa shawarar ya karanta shi in ya samu. Amma labarin Turai yake bayarwa, sauran duniya leƙe kawai ya yi mata. Yaro ya gama shi sai ya ɗauka zane a Italiya aka haife shi, abin da kakarsa ke yi a jikin ƙwarya kuwa sana'a ce kawai ta neman na cefane.

Alhali mu nan a bakin abin muke zaune. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa, nan Birnin Kudu, akwai zanen shanu a jikin dutse da mutanen da suka riga mu suka bari, har da shanu marasa tozo, irin waɗanda ba ka ganinsu a garken Fulaninmu na yau. Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi rubutu a shekarun 1950 kan duwatsun wurin masu amo kamar ƙararrawa idan an buga. Na sha samun ɗalibin da ya san sunan kogon Lascaux na Faransa, mai zanen dabbobi na mutanen da, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka Habude ba, ga shi kuɗin babur ne kawai tsakaninsu. Kuma ba a rasa rubutu a kan namu ba, nema ne ba ma yi. David Heathcote, wanda ya koyar a jami'ar Ahmadu Bello, ya fitar da The Arts of the Hausa a 1976. An yi rubuce-rubuce masu yawa kan masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, da bakan gizonsa da adon bangonsa. A Zariyar dai, a 1958, wasu ɗalibai da suka haɗa da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a kan wannan damuwar, cewa a karɓi dabarar da aka koyo daga waje amma a gina ta a kan abin gida.

Gyaran da na samu mai sauƙi ne. Duk babin da ka karanta, kada ka wuce sai ka nemo ɗan'uwansa a garinku. An yi maganar maimaita siffa? Ɗauko faifai ko tabarma. An yi maganar rinjaye da daidaito? Shimfiɗa babbar riga ka dubi yadda aska takwas ta tare gefe guda na ƙirji amma rigar ba ta karkace wa ido ba. An yi maganar zane mai tudu? Je ƙofar zauren dagaci da hantsi, lokacin da rana ke bugun bangon a karkace, ka ga yadda inuwa ke fito da dagi.

Wannan ya kawo ni ga dabarar nuna nisa da kusa, wadda ake sa layuka su haɗu a ɗigo guda, abin da ke nesa ya ƙanƙance. A birnin Fulorans na Italiya aka tsara ƙa'idarta a ƙarni na 15, wani masani mai suna Alberti ya rubuta ta a 1435. Dabara ce mai amfani, duk mai son zanen gini ko allon talla sai ya iya ta. Matsalar ita ce yaro da ya koye ta sai ya mayar da ita mudun awon komai. Wani ya taɓa kallon allon zayyana na saukar ƙaninsa ya ce mini, "Malam, ai wannan ba shi da zurfi." Mai zayyana bai nemi ya yaudari idonka da zurfi ba. Abin da ya sa a gaba shi ne layi ya zagayo ya haɗu ba tare da ya karye ba, launi ya zauna a gidansa, ayar da ke tsakiya ta fito da kwarjini. Kafin ka ce aiki bai yi ba, fara gano abin da mai shi ya nufa.

Sai batun fassara. Marubutan kirki suna cika rubutunsu da "wataƙila" da "ana jin cewa", mu kuma in mun zo rubuta amsa sai mu zubar da waɗannan kalmomi, hasashe ya zama hukunci. Mutanen Nok, wata daɗaɗɗiyar al'umma ta tsakiyar Najeriya da aka tono kawunan yumɓu da suka ƙera, ba su bar rubutu ba, don haka duk bayanin da ka karanta kan dalilin da ya sa suka ƙera kawunan yumɓun nan ra'ayin masu bincike ne, ka riƙe shi a haka. Mu ma muna da tamu cutar, ta ƙaƙaba wa kowane lanƙwasa ma'ana mai zurfi. Na taɓa tsayawa wurin wani dattijon magini yana gyaran ado a fuskar wani soro, na ce, "Baba, wannan zagayen me yake nufi?" Ya dube ni ya ce, "Malam, mai gidan ne ya ce yana son irin na gidan surukinsa." Wani adon yana da suna da tarihi, wani kuwa gasa ce tsakanin maƙwabta. In mai aikin yana raye, tambaye shi kafin ka tambayi littafi, ka kuma rubuta sunan da ya kira abin da shi, don sunaye suna bambanta daga gari zuwa gari.

A duba shekarar da aka buga littafi. Tsofaffin littattafai za su ce maka Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Michael Cardew a Abuja a 1954. Abujar wancan lokaci ita ce Suleja ta yau. Na sha gyara wannan a takardun jarrabawa.

Ta fuskar aikin hannu kuwa, kuskure biyu ne suke tafiya tare: jiran kayan aiki, da kwafar hoton littafi. Yaro ya ga jerin fenti da buroshi a babin farko, ya duba aljihu, sai ya rufe littafin. Ga gawayi a murhu, ga takardar buhun siminti, ga tawadar allo da ƙaro, ga alƙalamin kara, ga jar ƙasa da farar ƙasa. Da irin waɗannan za ka yi shekara kana koyon layi da inuwa. Kwafa kuma ba laifi ba ce, tana koya wa hannu ladabi, sai dai wanda ka kwafa ya riga ya warware maka duk wahalar. Bayan kowane kwafi guda, ajiye tulu a bakin ƙofa ka zana shi sau uku, da safe da azahar da la'asar. Wanda zuciyarsa ko iyayensa ba su natsu da zanen mai rai ba, ya kai tambayarsa wurin malaminsa, amma kada ya jefar da fannin duka. Babin da ke magana kan fasahar Musulmi, daga salon rubutu zuwa adon fadar Alhamra ta Andalus, ya ishi mutum aikin shekaru.

Na ƙarshe, ajiya. Wani dogon hutu na bar kwalinmu a ƙasa jikin bango, da muka dawo gara ta cinye mana kusan rabin wani littafi, ta fara daga shafukan masu launi kamar ta san su muka fi so. Yanzu a akwatin ƙarfe suke, a kan bulo, da busasshen ganyen darbejiya a ciki, kuma duk ƙarshen damina ina fito da su su sha iska a inuwa. Wanda ya ara sai ya sa hannu a littafin aro, kuma ina ƙirga shafukan hotuna a gabansa in ya dawo da shi, don an taɓa yanke mini guda uku da reza aka liƙa a bangon shago.