Yadda za ka yi canjin kuɗi a tafiya ba tare da an cuce ka ba

Kafin ka bar gida ka buɗe Google ko XE, shafin duba farashin canji, ka duba nawa kuɗin ƙasar da za ka je yake, wannan shi ne farashin tsakiya, wato wanda ke tsakanin na saye da na sayarwa, ba za ka samu daidai shi ba amma da shi za ka gane in ana so a yanka ka. Filin jirgi kam ka canza ɗan na mota kawai, farashinsu ba kyau saboda sun san ba ka da zaɓi.

In ka shiga gari ka tambayi masu canji biyu ko uku. Kar allon "babu kwamishan" ya ruɗe ka, ribarsu na ɓoye cikin farashin ne, kai dai tambaya ɗaya: in na ba ka dala 100 nawa zan riƙe a hannuna? Ka ƙirga a gabansu. Kuma ka zo da sababbin takardun kuɗi, wasu wuraren ba sa karɓar yagaggu, ƴan ɗari-ɗari ma sukan fi ƙanana daraja.

Kati kuwa nan mutane ke faɗawa. Injin ATM ko na shago zai iya tambayar ka a caje ka da kuɗin ƙasarku ko na can, ka zaɓi na can wallahi, in ba haka ba su za su yi maka canjin da farashinsu mai tsada. Ka tambayi bankinka nawa yake cirewa a waje tun kafin tafiya, sannan ka cira da ɗan yawa lokaci ɗaya don caji yana hawa duk cirewa.