Abin da Ya Kamata a Duba Kafin Hayar Limuzin Don Liyafar Dare a Kaduna

Wanda ya yi niyyar hayar doguwar motar nan ta alfarma da ake kira limuzin, ko don kai ango da amarya wajen dina ko don fita liyafa da abokai, ya fara da duba hanya kafin ya duba mota. Wasu daga cikin irin waɗannan motoci tsawonsu ya haura mita 8, cikinsu kuma yana kusa da ƙasa, saboda haka tudun rage gudu ko kwalbatin ƙofar gida yana iya tsare su. Titin Ahmadu Bello, da na Ali Akilu, da na Isa Kaita ba za su ba direba wahala ba, amma lungunan Tudun Wada ko Rigasa, musamman a tsakiyar damina cikin watan Agusta, wani zance ne daban. A ganina ya fi dacewa a ɗauki direban da rana a bi hanyar tare da shi, daga gida zuwa zauren taro, a ga inda zai juya da inda zai ajiye motar. Idan ba za ta shiga layin ba, sai a tanadi ƙaramar mota ta fito da mutane bakin kwalta.

Bayan haka a je a ga motar ido da ido, domin hoton Instagram ba ya nuna tsufan taya. A tayar da ita, a kunna na'urar sanyaya ɗaki a bar ta ta yi aiki na ɗan lokaci, a gwada fitilu da ƙofofi, a tambayi safaya, a kuma zauna a ciki a ƙirga kujerun, saboda babbar riga da kayan amarya suna cin wuri fiye da yadda mai mota zai faɗa. A rubuta lambar motar, don kada a kawo wata ranar biki.

Takardu ma ba abin wasa ba ne ga motar da za ta yi yawo da dare. A nemi ganin lasin direba, da takardun mota, da izinin 'yan sanda idan gilashinta mai duhu ne, tun da jami'an kiyaye haɗurra da na KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, suna iya tsayar da ita. Inshorar naira 15,000 da ake yanka wa ƙananan motoci tun 2023 ɓarnar da aka yi wa wani take biya, ba gyaran motar kanta ba, don haka a tambaya tun wuri wa zai ɗauki nauyi idan aka goge ta.

Duk abin da aka daidaita a kai a sa shi a takarda: awa nawa ne, daga yaushe lissafi zai fara, nawa ne kuɗin kowace awa da ta ƙaru, wa zai sha mai, da abin da zai faru da kafin alƙalami idan motar ta lalace ko aka ɗaga biki. Batun ƙarin awa shi ya fi jawo rigima, domin dinar da aka sa ƙarfe 8 ba kasafai take farawa a kan lokaci ba. Idan daga Abuja za a kawo motar, a bayyana wanda zai biya man zuwa da komawa da masaukin direba, a kuma nemi ta iso da rana. Kada a biya kuɗin duka kafin a gan ta a ƙofar gida, kuma a karɓi rasit.

Ranar fita, a kauce wa cunkoson Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da yamma, a hana 'yan rakiya tsere da wasan mota a kusa da ita, a kuma sa mutum ɗaya daga dangi ya riƙe lambar wayar direban har a sauke kowa a gidansa.