Yadda za ki rage wa yaro zafin allura da wasa

Ranar rigakafi a ƙaramin asibitin ƙauyenmu da ke wajen Ringim, tun daga bakin ƙofa ake jin kuka. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu ihu tun ba a taɓa su ba, saboda a gida kullum ana ce musu, "In ba ka yi shiru ba zan kai ka a yi maka allura." Daga nan za ki fara: ki daina wannan barazanar, ki hana yayyensa ma.

In yaron ya kai shekara uku, ana gobe tafiya ku yi wasan asibiti. Ki ba shi 'yar tsana da guntun kara a matsayin allura, shi ne likita. Ya yi mata, ya lallashe ta. Sai ki faɗa masa gaskiya: zai ji kamar cizon cinnaka, nan da nan ya wuce. Kada ki ce babu zafi, domin in ya ji zafin, wani karon ba zai yarda da ke ba.

Da kun shiga, ki ɗora shi a cinyarki ki rungume shi. Kada a kwantar da shi mutum biyu su danne. Tsoron dannewar yakan fi na allurar.

Jaririn da aka kawo allurar sati 6, 10 ko 14 ba shi da abin da ya fi nono. Ki sa masa tun kafin a tsira allurar, ya ci gaba da sha har a gama. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da wannan shawarar, tare da ɗauke hankalin yaran da ba su kai shekara shida ba. Ɗan wata 9 da ya zo allurar ƙyanda kuwa, ki kaɗa masa kacau-kacau ta gefen da ba a nan malamar asibiti take ba.

Wanda ya yi wayo, ga dabarar da na fi so. Ki ɗora gashin kaza a tafin hannunki, ki ce ya hure shi ya tashi sama. Hurawar na sa ya ja dogon numfashi, jikinsa ya saki, idonsa na kan gashin. Ko ki ɗauko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kina tambayarsa, "Sai Gizo ya ce me?" Ki fara tun ana goge wurin da auduga; in kuka ya riga ya ɓarke, wasa ba ya shiga.

Ana gamawa ki ce, "Sannu jarumi," ko da ya yi kuka. Kada kowa ya kira shi rago.

In ɗinki za a yi ko wankin ƙuna, wasa kaɗai ba ya isa. Ki ce, "Malama, don Allah a ba shi maganin kashe zafi tukuna," sannan ki fito da gashin kazarki.